TAWADAR ALLAH KO CIWON DAJI? MU DUBA TAFIN ƘAFARMU

Manomin ƙasar Zakirai ba ya wasa da duba abin da ya mallaka. Kafin damina ta faɗi yakan duba garmarsa, ya duba irin da ya ajiye, ya ɗaga kofaton shanun huɗa ya ga ko ƙaya ta shiga. In ya ga ganyen gyaɗa ya soma tabo-tabo, nan da nan zai nemi malamin gona. Amma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa zama ya juya tafin ƙafarsa ya dube shi da kyau? Ƙafar nan kuwa ita ce take kai mu gona, ta kai mu kasuwa, ta komo da mu gida.

A wannan fitowa za mu yi magana a kan baƙaƙen tabon fata, waɗanda muke kira tawadar Allah, da sauran danginsu. Maganarmu kashi biyu ce. Na fari, yawancinsu ba su da illa ko kaɗan, akwai kuma wani madubi da likita yake tabbatar da haka ba tare da ya yanka kowa ba. Na biyu, akwai iri ɗaya mai kisa, shi kuwa yakan ɓuya a wurin da ba mu dubawa.

Gida ɗaya, tabo biyu

Ga misalin abin da yakan faru a ƙauyukanmu. Wata mace mai shekara kamar 40 ta ga waɗansu 'yan baƙaƙen ƙuraje sun fito mata a kumatu da ƙarƙashin ido. Kowace shekara suna ƙaruwa. Wannan ta ce mata jini ne, waccan ta ce baki ne. Sai ta sayar da akuyarta, ta sayi mayuka iri iri a kasuwa. Da ba su yi ba, ta je wurin wanzami ya kankare mata. Wurin ya warke, ya bar tabo wanda ya fi na dā muni.

Mijinta kuwa yana da wani baƙin tabo shimfiɗaɗɗe a diddige. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba ya hana shi noma. Yana tsammani kaushi ne, ko kuwa wani abu ya taka. Shekara ta kewayo, tabon ya ƙara faɗi. Wata shekarar ya yi tudu, sa'an nan ya fashe ya zama gyambo. Aka yi ta sa magani, bai warke ba. Sai da kaluluwa ta fito masa a matsematsi aka ɗauke shi zuwa Kano. Likita ya duba, ya ce ciwon ya riga ya bazu cikin jiki.

Matar ta kashe kuɗinta a kan abin da ba ciwo ba ne. Mijin ya yi sakaci da abin da yake neman ransa. Dukansu biyu rashin sani ne ya cuce su.

Mece ce tawadar Allah?

A cikin fatar kowane ɗan Adam akwai waɗansu 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne yin launi. Likitoci suna kiran launin nan melanin. Baƙar fata da farar fata kusan yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne, sai dai namu sun fi yin launi da yawa. Wannan launi kuwa laima ce, gama yana kāre fata daga ƙunar rana.

Wani lokaci ƙwayoyin nan sukan taru wuri ɗaya su yi gungu. Shi ne muke gani kamar an ɗiga tawada. Akan haifi yaro da ita, amma yawanci takan fito tun daga ƙuruciya har zuwa wajen shekara 30 ko 40. Takan ƙara duhu kaɗan sa'ad da mace take da ciki. Duk wannan ba ciwo ba ne.

Amma akwai sa'ad da ƙwayoyin launin nan sukan lalace, su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan shi ne ciwon dajin da ake kira melanoma. A wurin Turawa yana da yawa, rana ce kuwa take jawo mafi yawansa, yakan fito musu a baya ko a ƙwauri. A wurinmu bai yi yawa kamar nasu ba. Amma in ya zo mana, yawanci a tafin ƙafa yake fitowa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Wannan irin ba rana ce take kawo shi ba. Ba a ɗaukarsa daga wurin wani, ba kuma sammu ba ne ko jifa.

Wannan ba sabon labari ba ne a Afirka. Tun a 1967 wani likita mai suna Lewis ya rubuta abin da ya gani game da wannan ciwo a tafin ƙafar mutanen Uganda. Likitocin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya su ma da suka bi lissafin marasa lafiyarsu, sun tarar a ƙafa ciwon ya fi fitowa, mutane kuwa sukan zo bayan ya yi nisa. Masu sauraron rediyo za su tuna da Bob Marley, mawaƙin nan na ƙasar Jamaika. A 1977 aka gane yana da wannan ciwo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, wurin da aka zaci rauni ne na ƙwallo. Bai yarda a cire yatsan ba. Ciwon ya bazu, ya rasu a watan Mayu 1981 yana da shekara 36. Yana da kuɗi, yana da suna, amma ba su tsare shi ba.

Madubin duba fata

Likitocin fata suna da wani ɗan ƙarfe mai kama da tocila, wanda suke kira damatoskof. Mu za mu kira shi madubin fata. Yana da gilashi mai ƙara girman abu kamar sau 10, yana kuma da fitila a ciki. Wajen 1920 wani likitan Jamus mai suna Johann Saphier ya raɗa wa wannan irin dubawa suna. Amma a lokacin na'urar babba ce, ba ta ɗaukuwa. Sai a 1989 aka yi ƙaramar da ake riƙewa a hannu, a birnin Munich na Jamus. Yanzu har akwai wadda ake maƙalawa a jikin wayar hannu a ɗauki hoto.

Ƙara girma kaɗai ba shi ne amfanin madubin ba. Ku tuna da yadda ruwan kududdufi yake da tsakar rana. Ƙyallin rana a bisa ruwan yakan hana mu ganin abin da yake ƙasa. Haka saman fata yake mayar da haske, ya hana ido ganin abin da yake ciki. Likita yakan ɗiga ɗan mai a kan tabon ya ɗora gilashin, sai ƙyallin ya ɓace. Sababbin madubai kuma suna da wani irin haske mai kawar da ƙyallin ko ba a sa mai ba. Sa'an nan likita ya ga yadda launin ya kwanta a cikin fata, ya ga har 'yan ƙananan jijiyoyin jini. Launin kansa yana nuna zurfi: baƙi ƙirin yana can sama, ruwan ƙasa yana tsakiya, mai toka-toka ko shuɗi-shuɗi yana can ƙasa.

Dubawar ba ta da zafi. Ba allura, ba yanka, ba jini. Minti ɗaya ko biyu ya isa ga tabo guda.

Tabon da ba su da illa

Abin da likita yake nema da fari shi ne tsari. Tabo marar illa yana da tsari kamar gonar da aka shuka da igiya: in ka raba shi biyu, wannan gefe ya yi kama da wancan. Ga waɗanda aka fi gani a wurinmu.

1. Tawadar Allah ta kullum. A madubi takan nuna zane kamar raga, idanunta daidai wa daida, launin yana raguwa sannu a hankali zuwa gefe. Wata kuma takan nuna 'yan dunƙule-dunƙule masu girma ɗaya, kamar an jera tsakuwa.

2. Baƙaƙen ƙurajen kumatu. Su ne suka dami matar da muka ambata. Sun yi yawa ƙwarai a cikin baƙar fata, musamman mata, sukan kuma bi jini. Tun a 1925 wani likita mai suna Aldo Castellani ya bayyana su. A madubi ba su da raga, sai 'yan tudu da kwari da 'yan ramuka. Ba su zama ciwon daji. Kankare su kuwa yakan bar tabo.

3. Tabon tsufa. Yakan fito wa manya a baya, ko ƙirji, ko fuska. Yana da kaushi, sai ka ce an jefa ɗan curin laka ya manne a bango. A madubi akan ga 'yan fararen ɗigo da 'yan baƙaƙen ramuka kamar bakin ramin tururuwa.

4. Ɗan ƙullutu mai tauri a ƙwauri ko cinya, wanda yakan biyo bayan cizon ƙwaro ko sukar ƙaya. In an matse shi da yatsu biyu sai ya lotsa ciki. A madubi tsakiyarsa takan yi haske kamar tabon rauni, gefensa kuma da siririyar raga.

5. Shuɗin tabon jarirai a ɗuwawu ko gadon baya. Uwaye kada su firgita. Yawancinsa yakan dushe da kansa kafin yaro ya isa shiga makaranta.

6. Duhun da yakan rage bayan ƙuraje, ko ƙuna, ko ƙazuwa, ko makero. Wannan sawun ciwon da ya wuce ne, yakan dushe cikin watanni. Man bilicin ba ya taimakonsa. Yawan shafa shi ma yakan kawo wani baƙin da ba ya fita.

Duk waɗannan a bar su yadda Allah ya yi su. Wanda likita ya duba ya ce masa ba kome, ya riƙe kuɗinsa ya sayi taki.

Kunya da kwari

Yanzu mun zo ga tafin ƙafa, inda haɗarin yake. A nan kuwa manomi ya fi kowa saurin ganewa.

Ku dubi tafin hannunku a cikin haske. Za ku ga 'yan siraran layuka jere, waɗanda su ne suke fitowa a takarda in mun dangwala yatsa. Haka tafin ƙafa yake. Fatar wurin kamar gona ce da aka yi wa huɗa, akwai kunya, akwai kwari. Kunyar ta fi kwarin faɗi, a bisa kunyar kuma ƙofofin zufa suke, a madubi akan gan su jere kamar fararen ɗigo, sai ka ce ramukan shuka.

Wani likita a Jami'ar Shinshu ta ƙasar Japan, mai suna Toshiaki Saida, shi da abokan aikinsa suka lura da wani abu mai amfani. Mutanen Japan ma, kamar mu, a tafin ƙafa ciwon ya fi kama su. Suka ga tawadar Allah marar illa launinta a cikin kwari yake kwanciya, kamar ruwan sama bayan an ɗauke. Sai a ga siraran layuka baƙaƙe, kunyoyin kuwa fes. Amma melanoma tun yana sabo bisa kunya yake hawa. Sai a ga layuka masu faɗi, kwarin kuwa ya zama shi ne mai haske. A 2004 suka buga sakamakon duba tabo 712 na tafin hannu da ƙafa. Cikin kowane melanoma 100, wajen 86 sun nuna launi a bisa kunya. Cikin kowane tabo 100 marasa illa kuwa, 99 ba su nuna haka ba.

Tawadar Allah ta tafin ƙafa tana da waɗansu zane biyu kuma, su ma ba illa. A tsakiyar ƙafa, inda ba ya taɓa ƙasa sosai, layukan kwari sukan sami waɗansu sun gitta su, kamar fangalin lambu. A diddige kuma, inda nauyin jiki yake sauka, akan ga 'yan siraran layuka a karkace kamar sawun tsintsiya.

In likita ya rasa gane wanne ne kunya wanne ne kwari, akwai dabara mai sauƙi. Sai ya shafa tawadar alƙalami a gefen tabon, ya goge. Tawadar za ta maƙale a cikin kwari, ta nuna masa hanya.

Amma a nan sai mu yi hattara. Yawancin hotunan da aka koyar da likitoci da su, daga fatar Turawa da mutanen Asiya aka ɗauke su. Mu baƙar fata da yawa daga cikinmu muna da 'yan tabo masu ruwan ƙasa a tafin ƙafa da na hannu, na halitta, wani lokaci kuwa launinsu yakan hau kunya alhali ba ciwo ba ne. Jinin da ya kwanta ƙarƙashin fata bayan tuntuɓe ko matsin takalmi shi ma yakan yi haka. Lalle da baƙin rini su ma haka. Saboda haka likita ba ya tsayawa ga madubi kaɗai. Zai tambayi shekarun mutum, da yaushe tabon ya fito, da ko yana sākewa. Tabo da yawa, ƙanana, masu kama da juna, a ƙafa duka biyu, waɗanda suka daɗe yadda suke, galibi na halitta ne. Wanda yake shi kaɗai, ya fito wa babban mutum, yana kuma faɗaɗa, shi ne abin tuhuma. Likitocin Japan sun ba da ma'auni: sabon tabon tafin ƙafa da ya wuce milimita 7, watau faɗin gindin fensir, in bai nuna zanen marasa illa sarai ba, a yanko shi a gwada.

Baƙin layi a farce

Yawancin dattawanmu suna da baƙin layi a farce, wanda ya tashi daga gindi zuwa baki. In layukan sirara ne, suna a farata da yawa, ba su kuma sākewa, wannan halitta ce. Jinin da ya kwanta bayan dutse ko fartanya ta bugi yatsa kuwa, yakan bi farcen ya yi gaba, a ga gindin farcen ya fito fari.

Layin da za a kai asibiti shi ne na farce ɗaya tak, musamman babban yatsan hannu ko na ƙafa, wanda ya fi milimita 3 faɗi, ko yana ƙara faɗi, ko ya fi faɗi a gindi, ko farcen ya soma tsagewa. In baƙin ya tsallake farce ya hau fatar da take kewaye da shi, kada a kwana biyu. Wani likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, ya yi kashedi a kan wannan alama tun a 1886.

Abin da idonmu zai iya gani

Madubin fata ba a kowane asibiti yake ba, likitocin fata kuma kaɗan ne a ƙasarmu. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ga alamun da za su sa mu tashi, ko a wane wuri tabon yake a jiki:

1. Gefe ɗaya bai yi kama da ɗayan ba.
2. Bakinsa ba a kewaye yake sumul ba, ya yi kamar tawadar da ta malale a tsumma.
3. Yana da launi fiye da ɗaya: baƙi, da ruwan ƙasa, da toka, da ja, ko fari.
4. Ya fi gindin fensir faɗi.
5. Yana sākewa: yana girma, ko ya yi tudu, ko yana zub da jini ko ruwa.
6. Ya bambanta da sauran tabon da suke jikin mutumin.

Alama ta 5 ita ce babba. Kada kuma mu jira zafi, gama ciwon nan ba ya zafi da fari. Wani ma ba baƙi ba ne, ja ne kamar tsoka. Saboda haka duk gyambon ƙafa da ya yi wata ɗaya ana magani bai nuna alamar warkewa ba, a kai shi a duba. Tsohon gyambo da tsohon tabon ƙuna su ma sukan rikiɗa su zama wani irin ciwon daji bayan shekaru.

"Daji ba ya son ƙarfe"

Mun sha jin wannan magana, cewa ciwon daji ba ya son allura, ba ya son wuƙar likita, in an taɓa shi sai ya haukace. Bari mu duba inda maganar ta samo asali. Mutum yakan zauna da ciwon shekara biyu ko uku a gida. Sa'ad da aka kai shi asibiti, ciwon ya riga ya shiga jini, ya kai huhu ko hanta. Likita ya yi abin da zai iya, bayan wata kaɗan mutumin ya rasu. Sai a ce ai ƙarfe ne ya kashe shi. Ba ƙarfe ba ne, jinkiri ne.

A 1970 wani likita a Amurka mai suna Alexander Breslow ya nuna cewa zurfin ciwon a cikin fata shi ne babban abin da yake nuna yadda mutum zai ƙare. Har yau da ma'auninsa ake aiki. In an cire melanoma tun zurfinsa bai kai milimita 1 ba, watau tsakanin 'yan ƙananan layuka biyu na jikin rula, fiye da mutum 9 cikin 10 suna nan da ransu bayan shekara 10. In ya wuce milimita 4, kamar ƙwayar dawa ke nan, haɗarin bazuwa ya ƙaru ƙwarai. Ku duba fa, tsakanin sauƙi da wahala bai wuce kaurin ƙwayar hatsi ba.

Manomi ya san wuta-wuta. In an tumɓuke ta tun ba ta yi fure ba, an huta. In an bar ta ta zub da iri, gonar ta shiga uku shekara da shekaru. Haka wannan ciwo yake.

Madubi ba ya yanke hukunci na ƙarshe. In likita ya yi tuhuma, zai yi allurar kashe zafi a wurin, ya yanko tabon ko wani yanki nasa, ya aika ɗakin gwaje-gwaje a duba shi da babban madubi. Ana yin wannan gwaji a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In aka tarar ciwon ne tun yana sama-sama, sai a ƙara yanke fatar da take kewaye, a ɗinke ko a yi faci da fata daga cinya. Mutum ya koma gonarsa da ƙafarsa.

Abin da ba shi da kyau shi ne a kankare tabon a gida, ko a ƙone shi da ƙarfe mai zafi, ko a sa masa kanwa ko ruwan batir. Saman ne kawai zai tafi, saiwar tana nan tana ci a ƙasa. Likita kuma ya rasa abin da zai duba. Muna roƙon wanzamanmu, waɗanda jama'a suke zuwa wurinsu tun kafin su je asibiti: in an kawo muku baƙin tabo a tafin ƙafa ko a farce, kada aska ta taɓa shi. Ku tura mai shi asibiti, ladan ceton rai naku ne.

Tabo mai haske, da maganar zabiya

Ba baƙin tabo kaɗai ake dubawa ba. In tabo ya fi sauran fata haske ko ya yi ja-ja, a sa mutumin ya rufe ido, a taɓa wurin da bakin auduga. In bai ji ba, mai yiwuwa farkon kuturta ne. Kuturta tana warkewa da ƙwayoyin da ake sha wata 6 ko wata 12, kyauta kuwa ake ba da su. Asibitin Yadakunya, wanda ake kira asibitin Bela, kusa da Kano, ya daɗe yana wannan aiki. Kyasbi kuwa yana da ɗan gari-gari in an sosa shi, mutum kuma yana jin taɓawa.

'Yan'uwanmu zabiya nasu ya bambanta. Fatarsu ba ta da laimar nan ta launi, saboda haka rana ce babbar abokiyar gābarsu. Ciwon dajin fata yakan kama su a fuska, da kunne, da leɓe, da wuya, tun suna matasa. A sama musu malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu tun suna yara, a kuma ba su aikin inuwa da tsakar rana. Duk wurin da ya yi kaushi ko ya yi miki bai warke ba, a kai su asibiti.

Abin da za mu yi

1. Sau ɗaya a wata, kowane babban mutum ya wanke ƙafarsa sarai, ya zauna cikin hasken rana, ya duba tafin, da diddige, da tsakanin yatsu, da farata. Mai alwala yana taɓa ƙafarsa sau biyar a yini, abin da ya rage masa shi ne ya juya ta ya duba.

2. Tsofaffi ba su iya lanƙwasawa, idonsu kuma ya rage. 'Ya'ya da jikoki su duba musu. Ciwon nan ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50. Mata su duba wa juna kafin a sa lalle, gama lalle yakan rufe tabo.

3. In an ga tabo, a auna faɗinsa da rular ɗan makaranta, a rubuta tare da kwanan wata. Mai waya ya ɗauki hoto da rular a gefe. Wannan zai taimaki likita ƙwarai.

4. In tabon yana da ko ɗaya daga cikin alamun da muka lissafta, a je asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa wurin likitan fata ko likitan fiɗa a Kano. Daga Zakirai ta hanyar Gezawa, mutum zai je ya komo a yini ɗaya. Kada a ce sai an gama shuka, ko sai an sayar da gyaɗa.

5. Ma'aikatan lafiya na ƙauye, duk babban mutumin da ya zo wurinku, ko da zazzaɓi ya kawo shi, ku ce ya tuɓe takalmi. Ba ya cin minti ɗaya.

Yawancin waɗanda za su je a duba su, za a ce musu tawadar Allah ce, su koma gida. Kada su ce sun yi asarar kuɗin mota, gama sun sayi kwanciyar rai. Ɗaya daga cikinsu kuwa, wanda ba mu san ko wane ne ba, tafiyar nan ce za ta bar shi ya yi noman baɗi tare da 'ya'yansa. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, yau da yamma kuma kowa ya fara da tasa ƙafar.